Wata bakwai kacal: yadda aka yi wa'adin shiga inshorar lafiyar tsofaffi a Amurka

Ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba, saboda waɗanda data ba ta isarsu sauraro, da kuma masu son su tura wa wani. Na ɗan rage wuraren da na yi ta maimaita magana, sauran duk yadda na faɗa ne.

Yau Amurka za mu je, kuma wani kawuna ne ya ja mu can. Ƙanin mahaifiyata ne, ya haura shekara talatin a unguwar Bronx ta birnin New York yana tuƙin tasi. Motarsa ce, ba ya ƙarƙashin kowa, kuma bai taɓa wasa da biyan haraji ba. A watan Yunin 2022 ya cika shekara 65, ya tashi ya fita aiki kamar kullum. Wajen ƙarshen 2024 sai yana ta fara rufe masa ido ɗaya, fitilun dare suka fara kashe masa gani, direba kuwa idonsa ne jarinsa. Likita ya ce sai an yi aiki. Inshorar da yake saya da kuɗinsa irin mai arhar nan ce, wadda sai ka fara kashe dubban daloli daga aljihunka kafin ta motsa. Ranar wata Juma'a bayan an idar da salla yana ba wani abokinsa labari, sai abokin ya zaro wani kati mai launin ja da fari da shuɗi, ya ce, "Alhaji, ina naka?" Kawu ya ce ai shi bai fara karɓar fansho ba, yana jira ya kai 70 don kuɗin ya fi kauri, idan ya fara za su haɗo masa da katin. Abokin ya riƙe baki.

Katin nan shi ne na Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayyar Amurka ke yi wa waɗanda suka kai 65. Da Kawu ya je tambaya, amsa biyu ya samu. Ta farko, wa'adinsa ya wuce tun ƙarshen Satumban 2022, sai ya jira Janairu. Ta biyu, tunda ya yi lattin shekara biyu cikakku, za a ƙara masa kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin wata, kuma ƙarin ba ya fita. A 2025 kuɗin watan dala 185 ne, shi kuma 222 zai riƙa biya. Da daren ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai ɗan nan, kai da kake karance-karance, wace irin gwamnati ce za ta ci tarar tsoho don ya bar mata kuɗinta bai taɓa ba?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar waya. Sai da na koma tarihi, don kowace lamba a cikin labarin nan, da 65 ɗin, da wata bakwai, da tarar, akwai ranar da aka zauna aka yanke ta, kuma akwai abin da ake tsoro a ranar.

Mu fara da 65. Za ku ji ana cewa Bismarck na Jamus ne ya ƙirƙiro ta. Gaskiya ne shi ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ya kuma kafa fanshon tsufa a 1889, amma shekara 70 ya sa. Sai a 1916 Jamus ta sauko da ita 65, lokacin Bismarck ya shekara goma sha takwas a kabari. Amurkawa da suka zo rubuta dokar fanshonsu, wadda suke kira Social Security, a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, gida suka duba. Jihohin da ke biyan fansho a lokacin, wasu 65 suke amfani da ita, wasu 70, fanshon ma'aikatan jirgin ƙasa kuma 65. Masu lissafi suka buga suka ga aljihun gwamnati zai iya ɗaukar 65, aka tsaya a nan. Roosevelt ya sa hannu ranar 14 ga Agustan 1935. Ya so a haɗa da inshorar lafiya, amma ya ga idan ya taɓo wannan, ƙungiyar likitocin Amurka za ta kifar masa da dokar gaba ɗaya, sai ya haƙura.

Wanda bai haƙura ba shi ne magajinsa, Harry Truman. A Nuwamban 1945, yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, ya aika wa majalisa buƙatar a yi wa kowane Ba'amurke inshorar lafiya ta ƙasa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗimbin samarin da aka kira aikin soja aka mayar da su gida saboda rashin lafiya. Ƙungiyar likitoci ta ja ɗamara. Ta ɗora wa kowane mamba dala 25, ta ɗauki hayar ƙwararrun masu talla, aka cika ƙasa da cewa wannan kwaminisanci ne ya shigo ta ƙofar asibiti. Lokacin kuwa ba abin da Ba'amurke ke tsoro kamar a alaƙanta shi da Tarayyar Sobiyet. Truman ya sauka daga mulki a 1953 bai samu komai ba.

Ana wannan rigima, wani abu na ta girma a gefe ba da shirin kowa ba, kuma ku riƙe shi da kyau don shi ne tushen duk rikicin wa'adin. A lokacin yaƙi gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi. Ma'aikata sun yi ƙaranci, kamfani na son ya ja mutane, to da me zai ja su? Sai suka fara cewa, zo ka yi mana aiki mu biya maka inshorar lafiya. A 1954 dokar haraji ta tabbatar cewa wannan alherin ba a cire masa haraji. Daga nan lafiyar Ba'amurke ta ɗaure da wurin aikinsa. Muddin kana aiki kana da likita. Ranar da ka yi ritaya, ranar da jiki ya fara neman likitan da gaske, ranar inshorar ke tafiya. Kamfanonin inshora kuma ba sa ɗokin tsoho, ko su ƙi shi ko su tsuga masa kuɗi. Zuwa farkon shekarun 1960, kusan rabin tsofaffin ƙasar ba su da inshorar asibiti.

Mutanen Truman suka canza dabara. Tunda an hana mu kowa da kowa, mu nemi na tsofaffi kawai, mu ga wanda zai fito fili ya ce kada a yi wa kakarsa magani. Kuma suka jingina shi da fansho: wanda ya isa karɓar fansho, ya isa samun inshora. Kun ga inda 65 ta shigo harkar lafiya ke nan. Ba likita ne ya ce a nan tsufa ke farawa ba, aro aka yi daga dokar 1935.

Ko wannan ɗin sai da aka shekara fiye da goma ana ja. A 1961 ƙungiyar likitoci ta sa wani ɗan fim mai suna Ronald Reagan ya naɗi jawabi a faifai, ana raba wa matan likitoci su tara ƙawaye a gida, a sha gahawa a saurara, sannan a rubuta wa 'yan majalisa wasiƙar ƙin amincewa. Ku riƙe sunan nan, zai dawo. A Mayun 1962 Shugaba Kennedy ya cika babban zauren Madison Square Garden da tsofaffi ya yi jawabi. Likitoci suka kama hayar zauren nan, kakakinsu ya tsaya gaban kujeru babu kowa ya mayar da martani ta talabijin. Da aka je majalisar dattawa a watan Yuli, ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 52 da 48.

Abin da ya buɗe hanya shi ne zaɓen 1964, inda Lyndon Johnson ya yi wa abokin takararsa kaca-kaca, jam'iyyarsa ta cika majalisu biyu. Wilbur Mills, ɗan majalisa daga jihar Arkansas kuma shugaban kwamitin haraji, wanda ya shekara da shekaru yana danne ƙudirin, ya ga iska ta juya. A gabansa akwai shawara uku masu gaba da juna. Ta gwamnati, a biya kuɗin kwanciya asibiti daga harajin albashi, dole ne a kan kowa. Ta 'yan adawa, wadda John Byrnes na jihar Wisconsin ya kawo, a yi inshorar ganin likita amma ta ganin dama, mai so ya shiga ya riƙa biyan wani abu duk wata. Ta likitoci kuma, a taimaki matalauta kawai ta hannun jihohi. Kowa na jiran ya ga wadda Mills zai zaɓa. A farkon Maris na 1965 sai ya ce a haɗa duka ukun. Ta farko ta zama Sashen A, ta biyu Sashen B, ta uku ta zama Medicaid.

To a nan amsar Kawu take. Sashen A ba shi da matsala, don tun kana aiki ake yankar kuɗinsa, wanda ya yi shekara goma yana biyan harajin ba ya biyan komai duk wata. Sashen B ne aka ce na ganin dama, shi ne mai biyan likita, da gwaje-gwaje, da irin aikin idon da ake yi maka ka koma gida a ranar. Kuma duk abin da aka ce na ganin dama ne, akwai tambayar da ke biyo baya: me zai hana mutum ya zauna abinsa, sai ranar da ciwo ya kama shi ya zo ya shiga?

Ku ɗauke shi kamar adashi. A ce uwar adashi ta yarda kowa ya shigo ranar da ya ga dama, ya kwasa a ranar. Wa zai yi zubi? Kowa zai jira sai bikin 'yarsa ya matso. Wata biyu adashin ya mutu. A wancan lokacin kamfanin inshora na kasuwa yakan kare kansa ta hanyar duba lafiyarka kafin ya karɓe ka, ya kori mai ciwo. Gwamnati kuwa ta yi alkawarin ba za ta kori kowa ba, kuma ba za ta caji mai ciwo fiye da mai lafiya ba. Tunda ta ajiye wannan sandar, sai ta ɗauki wata: lokaci. Dokar ta ce kana da wata bakwai, uku kafin watan da za ka cika 65, da watan kansa, da uku bayansa. Ka wuce, duk wata goma sha biyu cikakku da ka yi a waje, ƙarin kashi 10 cikin ɗari, har iya zamanka a cikin tsarin. Wato a idon dokar, Kawu bai bar wa gwamnati kuɗinta ba. Zubin shekara biyu ya tsallake lokacin da yake da lafiya, ya zo ɗauka da ido ya lalace. Ni ban ce hakan ya yi niyya ba, ita dokar ce ba ta tambayar niyya.

Kuma ta farkon ta fi ta yanzu tsanani. A dokar 1965, idan ka bari shekara uku ta wuce bayan wa'adinka, an rufe maka ƙofa ke nan har abada. Sai a 1972 aka cire wannan.

Johnson ya sa hannu ranar 30 ga Yulin 1965, kuma bai yi a fadarsa ba. Ya ɗauki jirgi ya tafi garin Independence na jihar Missouri, garin Truman, ya zauna kusa da tsohon mai shekara 81. A wurin Truman ya cike takardar shiga Sashen B, Johnson ya sa hannu a matsayin shaida. Kati na ɗaya na Truman ne, na biyu na matarsa Bess. Kuɗin wata a lokacin dala 3 ne, gwamnati ta ɗora 3.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk tarihin nan, kuma shi ne ya sa nake ganin Kawu yana da 'yar gaskiya. Tsofaffi wajen miliyan 19 ne, kuma kowanne sai an tambaye shi, kana so ko ba ka so? Hukumar fansho ƙarƙashin Robert Ball ba ta zauna jiran su zo ba. An aika wasiƙu, wanda bai amsa ba aka sake aika masa. An buɗe ofisoshi har dare. An ɗauki tsofaffi aiki suna bi gida-gida suna ƙwanƙwasa wa 'yan uwansu ƙofa. Har ma'aikatan gandun daji aka sa su nemo masu zama a ƙungurmin daji. Da yawa ba su da takardar haihuwa, musamman baƙaƙen fata na Kudu da waɗanda aka haifa a ƙauye, sai aka riƙa karɓar tsofaffin takardun ƙidaya da abin da iyaye suka rubuta a bangon littafin addini na gida. Wa'adin 31 ga Maris na 1966 ya zo akwai saura, majalisa ta ƙara wata biyu zuwa ƙarshen Mayu. Ranar 1 ga Yulin 1966 da aka fara aiki, fiye da tara cikin goma sun shiga Sashen B.

Bari in ɗan ratse, don ba zan iya wuce wannan ba. Gwamnati ta ce duk asibitin da ke raba ɗakin farare da na baƙaƙe ba zai ga ko sisin Medicare ba. Asibitocin Kudu da suka shekara aru-aru suna wariya, cikin 'yan watanni suka cire allunan. Abin da wa'azi bai yi ba, kuɗi ya yi.

Mu dawo. A wancan zamanin tarar ba ta cika kama mutane ba, saboda agogo ɗaya ne. Ka cika 65, ka ajiye aiki, ka je ofishin fansho, a nan za a yi maka maganar Medicare. A 1972, zamanin Nixon, aka ma sauƙaƙa: duk wanda ke karɓar fansho, da kansu za su sa shi a Sashen B su aiko masa da kati, sai dai in shi ya ce ba ya so. A shekarar ce kuma aka shigar da naƙasassu da masu ciwon ƙoda mai buƙatar wankin jini ko ba su kai 65 ba. Don haka abin da Kawu ya ɗauka, cewa kati na zuwa da fansho, ba ƙirƙira ya yi ba. Haka ya ga an yi wa na gaba da shi.

Sai 1983. Asusun fansho ya kusa ƙafewa, kwamitin da aka riga aka kafa ƙarƙashin Alan Greenspan ya kawo shawara, majalisa ta yi gyara. Cikin gyaran har da ɗaga shekarun cikakken fansho daga 65 zuwa 67, a hankali a hankali. Shugaban da ya sa hannu shi ne Ronald Reagan, mai faifan nan. An ɗaga na fansho, ba a taɓa na Medicare ba. Kuma da yake an tsara abin ya fara aiki bayan shekara ashirin, ba wanda ya ji zafinsa a lokacin. Waɗanda aka haifa a 1938 ne suka fara ganin ƙarin wata biyu. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, sai 67. Ga kuma garaɓasar jira: duk shekarar da ka ƙara bayan cikakken wa'adinka, har zuwa 70, fanshonka na ƙaruwa da kashi 8 cikin ɗari. Shawarar da aka ba Kawu ta jira 70 shawara ce mai kyau. Wanda ya ba shi ita ne bai gaya masa cewa agogon ya rabu biyu ba. Yau wanda ya cika 65 bai fara karɓar fansho ba, ba kati ba wasiƙa, shi zai kai kansa. Ga ni nan, a wajena wannan shi ne babban aibin tsarin. A 1966 an bi mutane har daji, yanzu kuma an bar mutum da sanin ranarsa, alhali dokar ta fi ta da sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.

Sarƙaƙiyar ta ƙaru ne a farkon shekarun 1980 ɗin nan dai. Don a rage wa gwamnati kashe kuɗi, aka ce idan tsoho na aiki a kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye, inshorar kamfanin ce za ta fara biya. Tunda haka ne, ba adalci a ci tararsa don bai shiga Sashen B ba, sai aka yi masa wa'adi na musamman. Muddin kana da inshora ta wurin aikin da kake yi yanzu, ko wanda matarka ko mijinki ke yi yanzu, kana iya jira. Ranar da aikin ya ƙare ko inshorar ta tsaya, duk wanda ya riga, kana da wata takwas. Kalmar da ke kayar da mutane ita ce "yanzu". Akwai wata doka da ake kira COBRA, mai ba ka damar ci gaba da biyan inshorar tsohon wurin aikinka har wata goma sha takwas. Mutum na riƙe da kati iri ɗaya, likita ɗaya, yana ganin ai yana da inshorar aiki. A wajen Medicare kuwa wata takwas ɗinsa sun fara gudu tun ranar da ya bar aikin. Ya gama wata goma sha takwas ya zo, a ce masa ya makara da wata goma. Inshorar 'yan ritaya ma haka, wadda ka saya da kanka ma haka. Idan kuma wurin aikin ƙarami ne, bai kai mutum 20 ba, Medicare ce ke gaba, inshorar aikin na iya ƙin biyan kason da ya kamata Medicare ta biya ko da ba ka shiga ba.

Ku duba ko su wa wannan ya fi shafa a cikin mutanenmu. 'Yan zangon Kumasi da Accra da ke Bronx, 'yan Nijar da ke Harlem da Greensboro, yawanci tasi ne, ko shago, ko kitso, ko kai kaya. Aikin kai ne, ba kamfani. Mafi yawansu ba su da wannan rangwamen, nasu wata bakwai ne kawai.

A 2003 Shugaba George Bush ɗa ya sa hannu a dokar da ta kawo Sashen D, na sayen magani, ya fara aiki a 2006. Shi ma na ganin dama ne, don haka shi ma da sandarsa: ka yi kwana 63 a jere ba ka da inshorar magani mai inganci bayan wa'adinka, ƙarin kashi 1 cikin ɗari na wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane wata da ka yi. Tunanin Mills ne dai aka sake maimaitawa.

Gyara na baya-bayan nan shi ne ya ceci idon Kawu. Wanda ya makara yana da damar shiga daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris kowace shekara. A da, ko ranar 2 ga Janairu ka cike takarda, inshorar ba ta fara aiki sai 1 ga Yuli. Ku lissafa, wanda ya farga a watan Afrilu sai ya yi wata goma sha biyar ba shi da likita. A Disamban 2020 majalisa ta gyara wannan, ya fara aiki a Janairun 2023: ka yi rajista wannan watan, ka fara amfana wata mai zuwa. Masu fafutukar gyaran sun nemi a haɗa da wajabta wa gwamnati ta riƙa sanar da mutane tun kafin su kai 65, amma wannan ɓangaren bai tsallake ba. Mutum sama da dubu 700 ne ke biyan tarar Sashen B.

Akwai abu uku da suka shafe mu musamman, ba zan rufe ban faɗe su ba. Da yawan dattawanmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, da aka zo yin fasfo sai aka sa 1 ga Janairu. To a dokar Amurka wanda aka haifa ranar ɗaya ga wata, ana lissafa shi ya cika shekara a watan da ya gabata. Mai 1 ga Janairu, watan cikarsa Disamba ne, wa'adinsa daga Satumba zuwa ƙarshen Maris, ba Afrilu ba. Kuma ranar da ke takarda ita ce ranar, ko da kai ka san an rage maka ko an ƙara.

Sai masu ɗauko iyaye. Tsohon da ya zo da katin zama na dindindin bai taɓa aiki a can ba, sai ya shekara biyar a jere a ƙasar kafin ya iya shiga, kuma Sashen A ma saye zai yi. An kai wannan sharaɗi har kotun ƙoli, wasu 'yan gudun hijirar Kuba suka ƙalubalance shi, a 1976 kotu ta ce majalisa na da hurumin sa shi.

Na ukun shi ne wanda ya fi zo mini a saƙo: mai niyyar komawa gida. Medicare ba ta biyan magani a Maraɗi ko Tamale ko Kano, in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi ba ta aiki a wajen Amurka. Sai mutum ya ce to me zai sa in riƙa zubar da kuɗi duk wata ina zaune a gida? Ya dakatar da Sashen B. Bayan shekara biyar ciwo ya taso, 'ya'ya suka ce Baba dawo a duba ka. Ya dawo ya tarar da ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kuma sai ya jira Janairu. Ban ce kowa ya ci gaba da biya ba, wanda ya tabbatar ya tafi ke nan, asara ce. Amma wanda ya san in jiki ya ƙi can zai nufa, ya yi wannan lissafin tun kafin ya hau jirgi.

Da na gama yi wa Kawu wannan dogon bayani, ya yi shiru, sannan ya ce, "To na ji na adashi. Amma uwar adashi ai tana aiko yarinya ta tuna maka ranar zubi." Ban da amsar wannan, kuma har yanzu ban samo ba.

Abin da na iya gaya masa shi ne, kowace jiha tana da masu ba da shawara kan Medicare kyauta, kuma akwai tallafin jiha ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda in mutum ya cancanta jiha ke biya masa kuɗin Sashen B, tarar ma ta faɗi. Ya je an duba, abin da yake samu ya ɗan haura iyakar, bai samu ba. Ya yi rajista a makon farko na Janairun 2025, inshorar ta fara aiki 1 ga Fabrairu, aka yi masa aikin ido a watan Maris. Ya koma tuƙin dare. Matarsa za ta cika 65 baɗi, ya ce ya rubuta watan a jikin kalandar masallaci da ke rataye a falo, ya kuma sa babbar 'yarsu ta sa a wayarta.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ko gyara ya ajiye a ƙasa, zan duba kafin shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.